GraphoGame, gem ɗin koyon karatu: yana da kyau amma fa ba malami ba ne

Masu tambaya ko GraphoGame zai koya wa yaro karatu shi kaɗai, a'a, ba zai yi ba. Amma abin da aka yi shi dominsa, wato haɗa sauti da harafi a ƙwaƙwalwar yaro har ya zauna daram, wannan kam ya iya, kuma ya fi yawancin manhajojin yara da ke cike da waƙe-waƙe da kala-kala ba komai a ciki.

Yadda yake aiki ba wani abu ne mai wuya ba. Yaro zai ji sauti a kunne, sai haruffa su fito a sikirin, shi kuma ya taɓa wanda ya yi daidai da abin da ya ji. In ya dace a wuce, in ya kuskure a sake maimaita masa a nuna masa na daidai. Daga harafi ɗaya a koma gaɓa, daga gaɓa a shiga kalma. Abin da ya fi burge ni shi ne gem ɗin yana lura da inda yaro ke tuntuɓe, sai ya riƙa dawo masa da wannan harafin yana cusa shi cikin waɗanda ya riga ya sani, ta yadda mafi yawan lokaci yaron yana cin nasara ne, ba ya jin shi daƙiƙi ne ya ajiye wayar. Ɗana b da d ne suka daɗe suna rikita shi, kuma na ga yadda aka yi ta jero masa su gefe da gefe har ya daina canki-canka. Sai dai a sa masa iyafis, don in akwai hayaniya a ɗaki sautukan da suka yi kama da juna duk ɗaya zai ji su.

Dalilin da ya sa ma na yarda na sauke shi tun farko shi ne mutumin da ke bayansa. Farfesa Heikki Lyytinen na Jami'ar Jyväskylä a ƙasar Finlan, shi da abokan aikinsa tun 1993 suka fara bin yara wajen 200 tun daga haihuwa, rabinsu daga gidajen da uwa ko uba ke da lalurar wahalar karatu, wadda ake kira disleksiya, rabin kuma babu wannan a danginsu. Suka yi ta binsu shekara da shekaru har suka girma, kai har yadda ƙwaƙwalwar jariri ke amsa sautin magana sai da suka auna. Cikin abin da suka gano akwai cewa sanin haruffa kafin shiga makaranta na daga cikin manyan alamun da ke nuna wanda karatu zai ba wuya. To daga nan ne gem ɗin ya fito, a Finlan sunansa Ekapeli, an yi shi ne don a tari yaro da wuri kafin ya fara faɗuwa a aji ya tsani littafi. Cibiyar Niilo Mäki ta Finlan, mai bincike kan matsalolin koyo na yara, ita ma da hannunta a aikin. Don haka ba wasu 'yan kasuwa ba ne suka zana katun suka liƙa masa sunan ilimi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Rubutun yaren Finlan kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne tak, ka san haruffa ka kusa gama karatu ke nan. Turanci kuwa ba haka yake ba sam, harafi ɗaya sai ya yi sauti uku huɗu ya danganta da maƙwabtansa. Akwai binciken da masana Seymour da Aro da Erskine suka fitar a 2003 inda suka gwada yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta, yaran Finlan suna karanta sama da kashi 90 na kalmomin daidai, masu Turanci kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku kawai. Shi ya sa na Turancin dole aka sake masa fasali, Farfesa Usha Goswami ta Jami'ar Cambridge ta sa hannu aka yi wanda ke koyar da kalmomi dangi-dangi bisa amon ƙarshensu. Dabara ce mai kyau, amma hanyar ta fi tsawo, kuma nan ne wasan ke fara gundura, abu ɗaya ne ake ta nanatawa, ji sauti taɓa harafi, ji sauti taɓa harafi, ladan da ake ba yaro a ciki ma ba wani mai ɗaukar hankali ba ne in ka gwada da gem ɗin da yara suka saba bugawa. Dama su kansu masu shi gajeren zama suke ba da shawara, kamar minti 10 zuwa 15, kuma gaskiya ya isa, in ya wuce haka yaro danne-danne kawai yake yi.

Sannan maganar hujja, wadda masu talla ba sa son a taɓo. A Ingila gidauniyar Education Endowment Foundation ta sa an gwada na Turancin a kan yara kusan 400 masu rauni a karatu, rahoton ya fito a 2018, kuma ba a ga sun fi takwarorinsu da suka samu taimakon da makaranta ta saba bayarwa ba. Ba wai ya cutar da su ba ne, a'a, bai dai fi malami da ƙaramin rukuni ba. A 2020 kuma wata mai bincike McTigue da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi da gem ɗin a ƙasashe daban-daban suka duba, a dunƙule tasirinsa a kan karanta kalmomi bai taka kara ya karya ba, sai a inda babba ke zaune tare da yaron yana sa baki, a nan ne aka ga bambanci na gaske. Ni wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, don gem ɗin ba ya jin bakin yaro, shi taɓawa kawai ya sani, yaro zai iya gane harafi in an faɗa masa sautin amma ka nuna masa harafin ka ce ya furta ya tsaya yana kallonka. Kuma babu ruwansa da ma'ana, ko yaro ya fahimci abin da ya karanta ko bai fahimta ba wannan aikin littafin labari ne da hira.

Ni dai yadda nake yi, ina zama kusa da shi, duk harafin da ya taɓa sai ya faɗe shi da ƙarfi, in mun tashi ya ɗauki fensir ya rubuta biyu ko uku daga cikin na ranar, sannan mu nemo su a cikin littafi. Ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 da bai gama kama haruffa ba, ko wanda ake zargin yana da disleksiya, zan ba shi tauraro 4 cikin 5. Wanda ya riga ya fara karanta jimla kuwa kar ma a ɓata masa lokaci, ya wuce wurin.