Wata bakwai a asibitin masu ciwon ƙirji a Jos: abin da muka samu a kan tarin Umma

Mahaifiyata ta shekara uku tana tari kafin mu kai ta wani asibitin kuɗi da ke duba masu ciwon ƙirji a nan Jos. Yanzu da muka cika wata bakwai muna zuwa, na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin na san akwai gidaje da yawa a Gangare da Unguwar Rogo inda ake kwana ana jin irin wannan tari ta bayan bango. Busasshen tari ne, sai ɗan kaki da safe, amma yana hana ta barci, yana katse mata karatu a sallar asuba, har ta daina zuwa biki da ta'aziyya saboda yadda mutane ke ja da baya idan ya taso mata, kowa yana zaton tarin fuka ne. Kwalaben maganin tari da muka saya a kemis ba su ƙirguwa, ga zuma da citta da kanumfari, duk sauƙin na kwana biyu ne.

Abin da ya fara burge ni shi ne likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya sa Umma ta juye ledar magungunanta a kan tebur, ya riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wani ƙaramin kwali mai suna lisinopril. Ya ce, "Hajiya, tun yaushe kike shan wannan?" Ta ce, "Likita, tun da aka ce ina da hawan jini, shekara huɗu ke nan." Sai ya bayyana mana cewa wannan magani da danginsa suna jawo busasshen tari ga kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan su, kuma ko an daina, tarin yana iya kai wata uku bai lafa ba. Ya canza mata zuwa losartan, ya kuma ja kunnenmu cewa kada mai hawan jini ya ajiye maganinsa da kansa. Na yi baƙin cikin shekarun da suka wuce ba wanda ya buɗe wannan leda.

Gwajin tarin fuka kuwa bai karɓi kuɗinmu a kansa ba, tura mu ya yi cibiyar gwamnati inda ake gwada kaki da na'urar GeneXpert kyauta, ya ce duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya kamata a yi masa. Sakamakon ya fito babu cutar, hoton ƙirji ma haka. Daga nan aka yi gwajin numfashi, inda aka matse wa Umma hanci da wani ɗan abu, nas tana cewa, "Mama, ki hura da ƙarfi, ki ci gaba, kada ki tsaya," har sau biyar kafin a samu yadda ake so. Gwajin ya nuna hanyoyin iska sun ɗan tsuke, abin da likita ya danganta da shekaru fiye da talatin da ta yi tana girki da itace. Aka ba ta maganin shaƙa, aka kuma ce saboda ƙwannafi ta riƙa cin abincin dare awa uku kafin ta kwanta.

Amma abin da na fi daraja asibitin a kansa shi ne amsar da aka ba ni da na tambaya ko za ta warke sarai. Likita ya ce idan tarin babba ya wuce mako takwas ya zama tari mai daɗewa, kuma inda aka gano dalili, kamar asma ko majina mai gangarowa maƙogwaro ko ƙwannafi ko magani, yawanci ana samun sauƙi sosai. Sai dai akwai waɗanda tarin ke bi shekara da shekaru ko bayan an magance dalilin, saboda jijiyoyin maƙogwaro sun zama masu saurin tsokanuwa, ta yadda turaren wuta ko iska mai sanyi ko doguwar magana kaɗai ke tayar da shi, kuma an fi ganin haka ga mata da suka haura hamsin. Ya ce idan gwaje-gwaje sun fito lafiya, irin wannan tari bai cika zama barazana ga rai ba, amma yana cin barci da walwala, don haka burinmu shi ne a rage shi, a ci gaba da bibiya. Ya lissafa abubuwan da za su sa mu dawo ba tare da jiran rana ba: jini a kaki, rama, zazzaɓi, gumin dare, ko canjin murya. Ya kuma sa nas mace ta keɓe da Umma ta tambaye ta ko fitsari yana kuɓuce mata idan tarin ya yi tsanani, matsalar da ta ɓoye mana tsawon lokaci saboda kunya, alhali tana damun ta a wajen tsarki.

Akwai inda suka gaza, kuma dole in faɗa. Ana ba da lokaci amma ba a cika shi, mun taɓa yin awa uku a kan benci a baranda cikin sanyin hunturu, wanda ga mai tari cutarwa ce. Mai gwajin numfashi rana ɗaya yake zuwa a mako, magani a kantinsu ya fi na waje tsada, kuma takardar bayanin yadda ake shaƙa da Turanci kaɗai take, sai da na zauna na fassara wa Umma. Watan farko ya kusan cinye rabin albashina, shi ya sa nake ba mai ƙaramin ƙarfi shawara ya fara da gwajin kaki na kyauta kafin ya zo nan.

A yau Umma tana kwana har asuba a yawancin darare, ta koma gas a girki, kuma ta koyi kurɓar ruwa da haɗiye yawu idan ƙaiƙayin ya fara. Da ƙurar Disamba ta sauko tarin ya dawo na kusan mako uku, sannan ya sake lafawa. An ba mu rana bayan wata uku domin a sake gwajin numfashi, a ga ko za a rage mata maganin shaƙa.