Ikoloji da juyin halitta: wane kos za ka cike a JAMB in kana Kano?

Abu na farko da zai ɗaure maka kai shi ne in ka buɗe jerin kwasa-kwasan JAMB ka duba BUK ko jami'ar Wudil ko Northwest ko ABU Zariya, ba za ka ga wani kos da aka rubuta masa ikoloji da juyin halitta ba. A Amurka da Kanada ne ake samun sashe guda mai wannan sunan, kamar a Princeton da Yale da Michigan da Toronto. Mu nan abin a warwatse yake cikin zuloji (nazarin dabbobi) da botani (nazarin tsirrai) da bayoloji da gandun daji, don haka kar ka tsaya kan sunan da za a rubuta a satifiket, abin da za ka bincika shi ne me ke cikin kos ɗin.

Ikoloji shi ne nazarin yadda masu rai ke zama da junansu da kuma wurin da suke, misali me ya sa kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da ambaliya ya janye ya koma yana gudana a hankali kusan duk shekara, ciyawar ta samu yadda take so. Juyin halitta kuma shi ne yadda jinsi yake sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Kulorokwin da iyayenmu suka sha ya daina kashe ƙwayar maleriya har Najeriya ta koma haɗin magungunan maleriya da ake kira ACT a 2005, sauro ma yanzu yana jure maganin da ake sa wa gidan sauro, wannan duk aikin masu wannan fannin ne.

Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya ne ko'ina, ba sai na ja ba. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a zama bai wuce biyu ba. A JAMB Turanci dole, sai bayoloji da kemistiri, na huɗu fiziks ko lissafi, amma ka duba ƙasidar JAMB ta shekarar da kake ciki saboda wata jami'ar fiziks kawai take karɓa. Mai IJMB ko NCE ko difloma yana iya shiga kai tsaye aji biyu. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta fitar a 2022 ta sa mafi ƙarancin yunit 120 ga wanda ya shigo ta JAMB, 90 ga mai shiga kai tsaye.

To yanzu zaɓin. Zuloji shi ne ya fi kusa da abin da kake nema in dabbobi ne suka ja ka, tsuntsaye, kifi, ƙwari, ƙwayoyin cuta masu zama a jikin mutum da dabba. Shekara huɗu ne, aji ɗaya kowa tare ake gwamutsa ku da ƴan maikurobayoloji da sauransu, sai aji biyu ka fara ganin ilimin gado da ikoloji na farko, aji uku a tura ka SIWES, wato koyon aiki a wajen makaranta, aji huɗu furojet. Matsalarsa a nan arewa ita ce yawancin malamai sun fi karkata ga ƙwari da tsutsotsin ciki da kifi saboda nan kuɗin bincike yake kuma nan ake da kayan aiki, wanda yake mafarkin bin giwaye a Yankari zai iya ƙarewa yana ƙirga ƙwan tsutsa a ƙarƙashin madubin lab. Ba laifi ba ne fa, ilimi ne mai amfani, kawai dai ka sani tun yanzu.

Botani kuwa kos ne da yara ke raina shi, yawanci wanda ya nemi likitanci bai samu ba aka jefa shi can, yana zuwa lakca rai a ɓace yana jiran canji. Ni kuma in ƙanena ne ya tambaye ni, kuma da gaske ikoloji yake so, botani zan nuna masa kafin zuloji. Dalili, matsalolin muhallinmu na tsirrai ne: hamada da ke matsowa, wuta-wuta da ke cinye gero da dawa, itatuwa irin su ɗorawa da kaɗanya da ake sarewa ba a maye gurbinsu. Ga shi aikin fili a botani ba ya cin kuɗi, igiya da tef ɗin awo da littafi da tsohuwar jarida ta matse ganye sun isa ka yi furojet mai kyau a gonakin bayan Sabuwar BUK, tsiro ba ya gudu in ya gan ka. A BUK kuma akwai cibiyar binciken noma a busassun yankuna, wato CDA, wadda mai botani zai iya raɓa.

Bayoloji zalla, ko wanda BUK ke kira aflayid bayoloji, shi ne na wanda bai yanke shawara ba, za ka taɓa dabba ka taɓa tsiro, amma ba ka nutsa a ko ɗaya ba sai in ka dage a furojet. Na fannin koyarwa kuma, wato bayoloji haɗe da ilimin malanta, wani kaso na yunit ɗinka zai tafi ne ga kwasa-kwasan koyarwa, yana da kyau in aji kake so, in bincike ne ba nan ba.

Sai gandun daji da namun daji, wanda yake ƙarƙashin tsangayar noma. Shekara biyar ne ba huɗu ba, kuma shekara guda kusan dukkanta a fili ake yinta, shi ya sa ɗalibansa suka fi kowa sanin daji da ƙafarsu, dajin Falgore ba labari ba ne a wurinsu. Ƙofar aiki a ma'aikatar muhalli ko hukumar gandun daji ta ƙasa ko shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ta fi buɗe musu. Amma juyin halitta da ilimin gado kaɗan ake taɓawa, an fi ba da ƙarfi ga raino da kula da daji. Kos ɗin kula da muhalli kuma kar sunan ya ruɗe ka, ya fi kusa da jogirafi da tsare-tsare da dokoki, shara, gurɓatar ruwa irin ta Jakara da masana'antun fata na Challawa, ba karatun halittu ba ne sosai.

Na san tambayar da ke ranka, ko a ran Baba in ya ji kalmar juyin halitta, ai sunan Darwin kawai ake ji a ce biri. Kos ɗin zai zo maka ko a zuloji ko botani, ba makawa, kuma a jarrabawa abin da masana fannin suka kafa hujja a kai za a tambaye ka. Mafi yawan abin da za ka yi lissafi ne na yadda gado ke yaɗuwa a cikin al'umma, misali me ya sa sikila ta yi yawa a inda maleriya ta yi yawa, saboda mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓi yana yaro. Malaman da ke koyar da shi a Kano da Zariya da yawansu a sahu ɗaya za ku yi azahar.

Waje fa? A Amurka shekara huɗu ne, kuma kafin ka taɓa ikoloji sosai sai ka wuce kalkulas da kemistiri da fiziks da kididdiga, daga nan ilimin gado, juyin halitta, ikoloji da kos na fili. Princeton sai ka rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe, kuma suna kai ɗalibai zango guda Kenya ko Panama. Princeton da Yale suna ɗaukar nauyin ɗalibin waje gwargwadon buƙatarsa in har sun ɗauke shi, to ɗaukar ce aikin. A Ingila shekara uku ne, Sukotlan huɗu, amma yawanci WAEC kaɗai ba ta isa sai an yi shekarar share fage, kuma da fam na Ingila ake biyan kuɗin makaranta. Gaskiya in ba tallafi ka samu cikakke ba, ban ga dalilin da za a sayar da fili a Ɗorayi don digirin farko a wannan fannin ba. Ka yi na farko a gida ka fita da aƙalla maki 3.50, wato sakan kilas ofa, shi masu ba da tallafin digiri na biyu suka fi nema. Ko a gida ma akwai APLORI ta Jami'ar Jos a dajin Amurum kusa da Laminga, cibiyar nazarin tsuntsaye da aka kafa a 2002, suna yin digiri na biyu kan kare halittu, kuma masu zuloji da botani suna nema.

Kafin ka danna zaɓi, ka shiga makarantar ka samu ƴan aji uku ko huɗu na sashen, ba ƴan aji ɗaya ba, ka ce musu don Allah bara an fita fili kuwa, ina aka je, kwana aka yi ko yini, kuɗin mota su wa suka biya. Ka tambayi taken furojet ɗin da aka yi a shekarun nan, in duk na lab ne to ka san inda sashen ya dosa. Ka kuma tambayi wa ke koyar da kididdigar halittu kuma da kwamfuta ake yi ko a allo kawai, domin masu gudun lissafi da yawa suna fakewa a bayoloji, alhali ikoloji na yanzu rabinsa kididdiga ne. Manhajar kididdiga ta kwamfuta mai suna R da masu binciken ke amfani da ita kyauta ce, tsohuwar laftof ma tana ɗauka, ka fara koyonta tun hutun aji ɗaya ko sashenku bai sa ta a jadawali ba.