Igiyar janyo motar da na sayo a Ƙofar Ruwa, bayan damina ɗaya ina aiki da ita

Salamu alaikum jama'a. Tun kwanaki wasu ke tambayata kan igiyar nan da suka gani a bayan Hilux ɗina, wai a ina na samo kuma ko tana da amfani ko kuwa kwalliya ce kawai. To nace bari sai damina ta wuce na gwada ta sosai tukunna, kar in yabi ɗan kuturu tun bai shekara arba'in da yatsa ba.

Ni dai gonar shinkafata tana can fadamar Auyo, kuma duk wanda ya san yankin Haɗeja ya san yadda hanyoyin cikin fadama suke idan Agusta ta shigo, balle tun ambaliyar 2022 wasu hanyoyin ba su koma daidai ba. Bara waccan motata ta kafe har cikinta ya zauna a taɓo, muka kira mai tarakta ya zo da sarƙa ya maƙala a wata 'yar siririyar ƙugiya da ke ƙarƙashin bamba, ya ja baya ya figa da ƙarfi, wallahi ƙara kawai muka ji kamar an harba bindiga, ƙugiyar ta tsinke ta wuce ta gefen kan wani yaro da ke tsaye yana kallo ta je ta fasa fitilar taraktar. Allah ne ya tsare. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Shi ne da na shiga Kano na biya Ƙofar Ruwa wajen masu kayan mota. Shagon ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai ƙorafi a gaba. Abin da na saya: igiyar nailan mai faɗi kamar ɗamara, tsawonta mita 9, an rubuta kilo 8,000 a jikinta, sai ƙarafan nan guda biyu masu kama da kofaton doki da ake zura musu kusa, shakul ake ce musu. Kuɗin duka ya kusa na buhun taki biyu, sai da na ɗan yi jim kafin in ƙirga.

Igiyar kam gaskiya ta burge ni. Bambancinta da sarƙa shi ne tana miƙewa, kusan kashi 20 cikin 100 na tsawonta, kamar robar danƙo. Mai ja zai bar ta da ɗan sako-sako kamar mita biyu, ya taho a hankali a ƙaramar giya, idan ta miƙe ta cika sai ita da kanta ta tsamo motar daga laka, babu wannan fizgar mai karya wuya. Sau huɗu na yi amfani da ita bana, uku a taɓo ɗaya a rairayi lokacin da muka je kasuwar Maigatari muka ratse ta wata hanyar ƙauye. Duk ta fitar damu. Lissafin da ake yi shi ne ƙarfin igiya ya ninka nauyin motar da kayanta sau biyu zuwa uku, Hilux idan an loda ta tana kai wajen tan 3, kun ga ta tan 8 ta yi daidai. Kar mutum yace bari ya sayi mafi kauri don ya more, idan ta fi ƙarfin motar ba za ta miƙe ba, ta zama sarƙa kenan.

Yanzu ga ƙorafin. Mai shagon ya fara miƙo min wasu shakul masu ƙyalli babu rubutun komai a jikinsu, nace Alhaji ina lambar nauyin, yace ai duk ƙarfe ne Malam. Sai da na juya zan tafi sannan ya tura yaronsa ciki ya ɗauko na gaske, waɗanda aka buga WLL 4.75 a jikin ƙarfen, wato nauyin da aka yarda kowanne ya ɗauka tan huɗu da kwata uku ne. Ashe yana dasu. Da ban sani ba haka zan kwaso marasa lambar in taho. Kuma har na fita bai ce min uffan ba kan inda ake ɗaura igiyar, alhali nan ne ran mutum yake.

Wannan sai wajen bakanikena na Haɗeja na koya, ya sa ni na kwanta ƙarƙashin motar ya nuna min da yatsa. Yace Yallaɓai ka ga wannan 'yar zoben, ba don ja aka yi ta ba, ta ɗaure mota ce a cikin jirgin ruwa ko kan tirela kar ta motsa. Irinta ce ta tsinke mana bara waccan. Wurin ja na gaskiya faranti ne na ƙarfe mai kauri da ake ɗaurewa a jikin shasi da manyan notina masu lambar ƙarfi 8.8 ko sama a kansu, dama ɗaya hagu ɗaya. Na so in kai wa mai walda ya liƙa min ƙugiya a bamba don sauƙin kuɗi, ya hana ni, yace walda tana iya kyau a ido ta ɓalle ranar da ake buƙatarta. Na bi shawararsa muka ɗaura farantan.

Sai kuma dunƙulen ƙarfen nan na baya mai kamar ƙwallo da ake jan ƙaramar tirela dashi. Dan Allah kar wanda ya rataya igiya a kansa. Na san yana da jan hankali, ga shi a fili igiya tana shiga cif, amma wuyansa yana guntulewa idan aka fizga, ita kuma igiyar da ta miƙe sai ta harbo shi kamar dutsen majajjawa ya shigo ta gilashi. A Ostireliya ya kashe mutane ba sau ɗaya ba. Haka ma haɗa igiya biyu da shakul na ƙarfe a tsakiya, shi ma harsashi ne.

Abin da nake yi yanzu, kafin a ja sai mun sa shebur mun kwashe lakar gaban tayoyi, in ɗora tsohon bargo jiƙaƙƙe ko buhu a tsakiyar igiyar don ko ta tsinke ta faɗi ƙasa, kusar shakul kuma in murɗa ta ƙare sannan in ɗan sassauta kaɗan, in ba haka ba bayan ja ko da filaya ba ta kwancewa. Aikin da ya fi wahala shi ne korar 'yan kallo. Ya kamata kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, amma yaran ƙauye kana korarsu ta nan suna ɓullowa ta can, har da dattawa wani ya ce min shi tun ana jan Bedford yake kallo ba abin da ya same shi.

Aibunta kuwa, idan ta sha laka nauyi take kamar gawa, kuma dole a wanke ta da ruwa zalla a shanya a inuwa saboda yashi yana cin zaren daga ciki, rana ma tana kashe nailan. Jakar da aka bani da ita zif ɗin ya mutu a sati na biyu, yanzu a buhun siminti nake ajiye ta. Sannan mita 9 wani lokacin tana gajarta, akwai ranar da mai jan namu shi ma saura kaɗan ya faɗa taɓon.

In za a tambaye ni, igiyar na ba ta takwas cikin goma, shagon kuma biyar, shi ma don yaronsa ne ya ɗora min kayan har mota. Yanzu haka tana wajen Yaya Babba, ya ara tun ranar kasuwar Kafin Hausa wai zai dawo da ita da yamma, yau kwana goma sha ɗaya kenan.