Kafin ka ba da jingar silin: POP, allo ko roba?

Da zarar an buga kwano, sai masu ba da shawara su yi maka caa a kan irin silin da za a yi. Ni dai na gwada, na ɗanɗana kuɗata, kuma har gobe POP na zubi nake so, wato wanda ake kwaɓawa a wurin aikin.

Garin POP, wato Plaster of Paris, daga jifsam ake yin sa, wani dutse mai laushi. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Celsius, yawancin ruwan jikinsa ya fita. Idan aka sake kwaɓa shi da ruwa sai ya koma dutse, cikin abin da bai kai rabin awa ba. Shi ya sa gwani ba ya kwaɓa da yawa, kaɗan-kaɗan yake yi a roba, yana tsoma filas, zaren nan mai kama da gashin masara wanda ke riƙe zubin kada ya tsage. Da filas ɗin ne kuma ake ɗaure kowane falle na zubin a jikin katako daga sama. In an gama aka shafe, ba ka ganin mahaɗa ko ɗaya, ɗaki ya zama kamar ƙwai. Yana rage zafin kwano a bazara, wuta ba ta cin sa, kuma duk zanen da ranka ke so za a fitar maka: matakala, da'ira, ramin ɓoye fitilu, ko dagi a tsakiyar falo. Idonmu ya saba da irin wannan ado tun a zanen bangon gidajen Zariya da na unguwar Birni a Damagaram. Aibin POP na zubi shi ne nauyi, da ƙazanta lokacin aiki, da jiran ya bushe.

Allon jifsam ɗan uwansa ne, ana sayar da shi a faɗin mita 1.2 da tsawon 2.4. Ya fi sauri da tsabta, ya dace da ofis ko shago, amma adonsa miƙaƙƙe ne, kuma idan ba a liƙe mahaɗa da kyau ba, a nan yake fara tsagewa. Silin roba kuwa a bar shi a banɗaki da kicin. Ruwa ba ya damun sa, amma zafi na lanƙwasa shi, in gobara ta tashi narkewa yake yi yana fitar da hayaƙi mai guba. Silin na asbestos kuwa kada ma a kawo zancensa, ƙurarsa na lalata huhu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ma'aikaci. Na ba wani jingar falona saboda kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi, na manta araha ba ta ado. A damina ta biyu, muna zaune bayan sallar isha'i, sai muka ji ƙas-ƙas, gefe guda ya rufto a kan kujerar da yarinyata ta tashi daga kai ba da jimawa ba. Da na ɗauki ɓallin, na murza shi da yatsa ya zama gari, filas ɗin ciki bai fi siraran zare biyu ba. Katakon da ke sama kuma gara ta cinye shi, ashe ko maganin gara bai shafa ba duk da na biya.

Tun daga nan ni nake zuwa sayen kaya da kaina. In kana Kano ka shiga Ƙofar Ruwa, in Abuja ne Dei-Dei. Ka sa hannu cikin buhu: gari mai kyau laushi gare shi, ba dunƙule. Wanda ya sha danshi a sito ya riga ya mutu, ko an niƙe shi an sake ɗurawa a sabon buhu ba zai kama ba. Akwai masu algus da farar ƙasa, akwai masu rage awo, buhun da aka rubuta kilo 40 ka ɗora a sikeli ka ga ya gaza. Ka sayi buhu ɗaya tukuna, a kwaɓa kaɗan a gabanka. Na ƙwarai zai ɗan yi ɗumi yayin da yake kamawa, sannan ya yi tauri.

Shi kuma mai aikin, kada hotunan waya su ruɗe ka, da yawa na wasu ne. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ka ɗaga kai ka duba kusurwoyi. Ko ɗan gida ne ko cikin 'yan Togo da Kwatano da suka yi suna a sana'ar, ka'ida ɗaya ce. A auna ɗakin tare da kai, don a lissafin murabba'in mita ake cusa ƙari. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce na fara aiki, sauran a biya ɗaki-ɗaki.

Kada a fara sai an yi ruwan sama mai ƙarfi ka tabbatar kwano ba ya yoyo, mai lantarki ya gama jan wayoyinsa cikin bututu, an kafa ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ba a jikin silin ba. Sannan kada ka yarda a shafa fenti alhali silin na da sanyi in ka taɓa, musamman a watan Agusta, domin zai yi rawaya-rawaya ya riƙa ɓamɓarewa.