Sifirin na asali ko na wasu kamfanoni: wanne ya dace da fistol ɗin da ke sarƙewa?

Ɗan'uwa, ka ce fistol ɗinka mai cin harsashin milimita 9 ta fara ba ka matsala, wani lokaci kwanso ya maƙale a ƙofar fita, wani lokaci kuma harsashi ya ƙi shiga mazauninsa. Kana so ka san ko sifirin na kamfanin da ya ƙera ta za ka saya, ko na wasu kamfanoni da ake cewa ya fi ƙarfi. A ganina ka ɗauki na asali, amma kada ka sayi komai tukuna, domin ba lallai ba ne babban sifirin ne mai laifin.

Kafin ka taɓa ko da fil ɗaya, ka cire magazin, wato gidan harsasai, ka ja saman bindigar (ƙarfen sama mai zamewa gaba da baya) baya, ka duba mazaunin harsashi da ido da kuma yatsa, sannan ka nisanta harsasai daga inda kake aiki.

Sifirin uku ne ke jawo yawancin irin wannan rigima. Akwai babban da ke ƙarƙashin bututu, mai mayar da saman bindigar gaba bayan harbi. Akwai na cikin magazin, mai tura harsashi sama. Sai na allurar da ke bugun gindin harsashi. Kowanne da alamarsa. Idan babban ya gaji, za ka ga kwanso na tashi nesa fiye da da, bindigar na dukan hannu da ƙarfi, saman kuma yana tsayawa saura kaɗan bai rufe ba. Idan na magazin ne, matsalar ta fi fitowa a harsasai biyu ko uku na ƙarshe, ko kuma saman ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashi ya ƙare. Na allura kuwa, ka ja kunama ka ji ƙas, ka duba gindin harsashin ka tarar da ɗan tabo marar zurfi.

Daga yadda ka bayyana, magazin nake fara zargi. Ka sa wa kowanne lamba a gindinsa, ka riƙa lura da wanda matsalar ke bi. In magazin ɗaya ne kullum, ka gama bincike. Maƙalewar kwanso kuma sau da yawa daga sakin wuyan hannu ne lokacin harbi, ko harsashi mai raunin albarushi, ko datti a ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Ƙarin ƙarfin sifirin ba ya gyara waɗannan.

To, a ce ka tabbatar babban sifirin ne. Na asali an auna shi ne da nauyin saman bindigar da kuma harsashin da aka saba harbawa da ita. Glock 17 tana fitowa da sifirin mai ƙarfin laba 17, Glock 19 mai laba 18, ita kuwa babbar 1911 ta John Browning, mai cin harsashin .45, laba 16 aka san ta da shi. Ka saka shi ya zauna daram, ba gyare-gyare, garantinka ma bai taɓu ba. Rauninsa biyu ne, ba ya ba ka zaɓi, kuma in bindigar tsohuwa ce da aka daina ƙerawa, samunsa kan yi wuya. Na asalin ma ba ma'asumi ba ne: a 2011 kamfanin Glock ya riƙa musanya wa mutane sifirin na samfurin Gen4 (zubi na huɗu) na farko-farko. Don haka ka tabbatar wanda za ka saya na samfurin bindigarka ne daidai, domin a Glock 17 da 19, Gen3 (zubi na uku) mai sifirin guda ce, Gen4 mai tagwaye, ba sa shiga wa juna haka kawai.

Na wasu kamfanoni, irin su Wolff, amfaninsu shi ne zaɓi. Za ka samu mai ƙarfi, mai laushi, da wanda ya yi daidai da na asali. Mai gasar harbi da ke amfani da harsashi mai sauƙin albarushi yakan rage laba biyu ko uku don bindigar ta riƙa zagayawa lafiya. Mai yawan harba harsashi mai zafi yakan ƙara kaɗan don ƙarfen ya huta da duka. Waɗannan sun san abin da suke nema. Amma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, suna ɗaukan cewa ƙarin ƙarfi shi ne ƙarin inganci. Sifirin da ya yi tauri ba ya barin saman ya kai ƙarshen tafiyarsa baya, sai kwanso ya kasa fita, wato ainihin matsalar da kake kuka da ita ta ƙaru. Yana kuma dawo da saman da sauri har magazin ya kasa ɗago harsashi a kan lokaci. Wanda ya yi laushi da yawa kuma ya bar ƙarfe na dukan jikin bindigar, sassa su riƙa cinyewa. A bindiga irin Glock akwai ƙarin haɗari, domin sifirin allura da babban sifirin jan juna suke yi, in babban ya yi rauni jan kunama kaɗai na iya ɗan buɗe saman.

Sifirin allura mai laushi da ake tallatawa don kunama ta yi sauƙin ja, ban yarda da shi ba a bindigar da aka ajiye don tsaro. Sauƙin da yake bayarwa kaɗan ne, abin da yake jawowa kuma harsashi ya ƙi tashi. Haka nan kada ka zuba mai a ramin allura, yana tara datti ya rage mata gudu. A bushe ake barin wurin.

Inda na wasu kamfanoni ke burge ni shi ne sifirin magazin, musamman ga tsofaffin bindigogi. Mai ɗan ƙarin ƙarfi daga kamfanin da aka sani ba ya cutarwa. Ka guji dai wanda ba suna ba lamba, wanda ba a rubuta ƙarfinsa ba.

Game da lokacin canji, masu gyara sukan ce tsakanin harbi 3,000 zuwa 5,000 ga babban sifirin, ƙananan bindigogi kuma sun fi saurin cinye shi. Littafin bindigarka ne zai ba ka adadin da ya dace da ita. Ka jera tsohon da sabon, in tsohon ya gajarta a fili ko ya lanƙwashe, lokacinsa ya yi. Ka canza abu ɗaya tak a lokaci guda, ka gwada a filin harbi da harsashin da ka saba, kafin ka taɓa wani. In ka ga tsagewa a ƙarfe, ko kumburi a bututu, ko harsashi biyu sun tashi da ja ɗaya, ka daina harbi nan take ka kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga da ke da lasisi.