Tabarau mai tace shuɗin haske ko hutar da ido?

Ƙanina, ka ce kana wuni kana duba injin waya a allo, kana neman inda ya ƙone ko layin da ya yanke, kafin la'asar ido ya yi ja kamar an zuba masa yashi, kai kuma yana sarawa. Tambayarka ita ce ko ka sayi tabaran nan mai tace shuɗin hasken allo da ake ta tallatawa, ko ka bi masu cewa a riƙa hutar da ido.

Tabarau tukuna, tunda shi ke cin kuɗi. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kansa, ba ta ga alamar yana rage gajiyar ido fiye da gilashin da ba ya tace komai ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye shi. Ga mai irin aikinka kuma akwai ƙari: wasu gilasan suna rina komai ruwan ɗorawa kaɗan, kai kuwa da launi kake gane wurin da ya ƙone.

Shi hutu yana taɓa ainihin matsalar. Mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma da zarar ya ƙura wa allo ido sai ƙiftawar ta ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, damshin ido ya bushe. Yashin da kake ji ke nan. Ka haɗa da hunturu, ga fankar shago tana hura maka fuska. Sannan tsokar da ke daidaita ganin kusa tana ɗaure tun safe ba sassauci, daga nan ciwon kai kan taso. Dabarar da aka sani ita ce bayan kowane minti 20 ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, kana ƙiftawa da gangan. Lambobin ba wahayi ba ne, ɗaga idon ne abin nema. Aibin dabarar ɗaya ne: mai waya yana tsaye a kanka, sai ka manta. Ni da zan ba ka shawara, duk wayar da ka rufe ka leƙa ƙofar shago kafin ka buɗe ta gaba.

Ka ja allon ya yi nisan tsawon hannu, ya ɗan yi ƙasa da saitin idonka, ka kawar da shi daga hasken ƙofa.

Akwai tabaran da ke aiki, wato wanda aka auna maka ido kafin a yanka. Idan ka doshi shekara 40, ko ka yi sati biyu kana gwada dabarar hutar da idon amma kana ganin dishi-dishi har yanzu, je a auna ka. A Kano akwai asibitin ido na ECWA, a Kaduna kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa.