Wasiƙa Daga Manchesta Kan Yaron Da Ya Yi Jinkirin Magana

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara da dukkan mutanen gida, ina so in amsa tambayar da kika yi mini game da autanki, wanda ya kai shekara biyu da rabi yana gudu yana buga tamaula, amma har yanzu bakinsa bai buɗe ba sai gwaranci da nuni da hannu. Na ga ya fi in rubuta a tsanake maimakon saƙon murya, domin ki ajiye, kuma a karanta wa Inna da sauran matan gidan, tunda kin san yaron wajena ma ya yi irin wannan jinkirin, kuma na ga yadda ake bi da shi a nan Ingila.

Abin da ya fi burge ni a ƙasar nan shi ne ba a jira sai uwa ta kai kuka. Tun jariri yana ɗan kwanaki ake gwada jinsa da wata ƙaramar na'ura da ake sa masa a kunne yana barci, gwajin da ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya sa shi kuka. Ana ba kowace uwa wani jan littafi, mai kama da katin rigakafinmu amma ya fi shi faɗi, wanda ake rubuta nauyin yaro da tsawonsa da allurai da ci gabansa a ciki. Akwai kuma ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa har gida bayan haihuwa, sannan idan yaro ya kai tsakanin shekara biyu da biyu da rabi sai a kira iyayensa a cike takardar tambayoyi: kalma nawa yake faɗa, ko yana gane umarni, ko yana hawa matakala, ko yana harbin ƙwallo ba tare da ya faɗi ba. Abin da suke sa rai ga ɗan shekara 2 shi ne kalmomi kamar 50, da haɗa biyu wuri ɗaya, irin su "ba ni" ko "Baba tafi". A wurin wannan duba ne aka lura da yaron wajena.

Hukumar lafiyar ƙasar, wadda suke kira NHS, an kafa ta tun 1948, kuma ba a karɓar kuɗi a hannu idan an je ganin likita. Sai dai kada a ɗauka kyauta ce gare mu baƙi, domin ana haɗa kuɗin lafiya da kuɗin biza, kuma tun 2024 babban mutum yana biyan fam 1,035 a shekara, yaro kuma fam 776. Haka nan iyaye da yawa a faɗin ƙasar suna kukan jiran watanni kafin su ga ƙwararriyar koyar da magana, saboda yaran da ke layi sun fi ƙarfin ma'aikatan, wanda kuwa ya gaji da jira ya nemi ta kuɗi, to sai ya shirya aljihunsa sosai.

Abu na farko da suka yi wa yarona shi ne sake gwada kunnensa, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali. An gano ruwa mai kauri ya taru masa a bayan dodon kunne, abin da ke yawan faruwa ga ƙananan yara bayan mura, ba ya ciwo, ba ya fitar da mugunya, amma yana sa yaro ya riƙa jin magana can ƙasa-ƙasa. Sun bayyana mini cewa sau da yawa yana washewa da kansa cikin kamar wata 3, idan kuwa ya ƙi, akwai ɗan ƙaramin bututu da ake sa wa kunnen domin iska ta shiga. Yaro mai irin wannan matsala yana iya juyowa idan an buga ƙofa ko jaki ya yi kuka, sai uwa ta rantse cewa yana ji garau, alhali kuwa ƙananan sautukan da ake gina kalma da su ba sa isa gare shi. A wajenmu kuma akwai abubuwan da suka fi wannan haɗari ga jin yaro, wato sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai mai tsanani da kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Na yi farin ciki da na ji cewa a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i 5, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara yi wa, domin kowace allurar rigakafi irin wannan kariya ce ga kunnen yaro da bakinsa.

Ranar da muka samu ganin ƙwararriyar, na ɗauka magani za ta rubuta ko wata na'ura za ta ba mu. Zama ta yi a ƙasa tare da yaron, tana bin abin da yake wasa da shi tana kiran sunansa, sannan ta koya mini in yi haka a gida. Ta ce in sauko daidai fuskarsa idan zan yi masa magana, in riƙa faɗin abin da nake yi ina wanki ko girki, in ba shi zaɓi kamar "ruwa ko madara" maimakon in miƙa masa da zarar ya nuna, kuma in yi shiru in jira ko zai amsa. Idan ya ce "mota", in ce "jar mota", ba tare da na tsare shi da "ce kaza, ce kaza" ba. Ta hana mu barin sa da waya, abin da ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, wadda ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na tambaye ta ko Hausar da muke yi a gida ce ke rikita shi da Turancin waje, ta ce harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, in ci gaba da yi masa harshen da na fi iyawa.

Yaya, da na dawo gida na zauna na yi tunani, sai na ga kusan duk abin da ta lissafa yana nan a tsakar gidanmu ba a biyan ko kwabo. A nan yaro yana wuni a ɗaki daga shi sai uwarsa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba, a watan Disamba kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi, har sai hukuma ta shirya zaure na musamman inda iyaye ke kai yara su rera waƙa su saurari labari. Autanki kuwa yana da kaka mai tatsuniya, da yayye masu waƙar gaɗa, da matan gida masu hira wurin sussuka da daka. Abin da ya rage kawai shi ne a riƙa juyowa ana yi masa magana shi kansa, domin yaron da ke goye yana jin hirar manya a saman kansa bai samu abin da wanda aka kalli idonsa aka jira amsarsa ya samu ba.

Game da ƙwallon da kika ce yana bugawa har samari suna tsayawa kallonsa, wannan abin farin ciki ne, amma ban yarda da masu cewa yaron da ya yi saurin ƙafa dole ya yi nauyin baki ba. Ƙarfin ƙafa ba shaida ba ce a kan lafiyar kunne. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya haɗa da yaran Gana da Indiya da Amurka, ya nuna lafiyayyun yara suna fara tafiya tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18, don haka saurin tatata ba ya nuna wanda zai zama ɗan wasa. A nan garin da samarin ƙauyenmu suka sani saboda ƙungiyoyin ƙwallonsa, ana biyan kuɗi duk mako domin ɗan shekara biyu ya bi ƙwallo cikin zaure na ɗan lokaci, ana sayen keke marar feda domin ya koyi daidaita jiki, da takalmin da sai an auna ƙafa. Kayan suna da kyau da ƙwari, amma langa da tsere da hawa katanga da korar awaki suna ba yaranmu fiye da awa 3 na motsa jiki da ake so a yini. Abu ɗaya da nake yi mana kwaɗayinsa shi ne iyo, domin a Ingila an wajabta wa makarantun firamare su koya wa yaro ninƙaya ta mita 25 kafin ya gama, a cikin ruwa mai tsabta da mai tsaro a gefe, mu kuwa namu suna koyo a kududdufi da kogi, inda ake kwasar tsargiya kuma duk damina sai an ji labarin nutsewa.

Don Allah kada ki bari a kai shi wurin wanzami a yanka masa ƙarƙashin harshe ko a cire masa beli da sunan buɗe baki, domin jinkirin magana ba daga nan yake zuwa ba, kuma zubar jini da shigar ƙwayar cuta suna iya biyo baya. Ki kuma hana yaran gidan kiransa bebe, ko da wasa. Ki roƙi maigida ya kai ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ku nemi a yi masa gwajin ji, idan kuma aka buƙaci ƙarin bincike akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Ki tafi da katin rigakafinsa, ki gaya wa likita ko ya taɓa yin shawara yana jariri, ko zazzaɓi mai sanƙarar da wuya, ko kunnensa ya taɓa zuba, da kuma ko yana kallon ido da amsa sunansa. Kuɗin mota da na gwajin zan turo ta hannun ƙaninmu kafin ranar kasuwar Ringim, kuma duk abin da likitan ya rubuta ki ɗauki hotonsa ki aiko mini. A gaishe mini da Inna da kyau.